Jujin Bayan Marina

Isa, 11 ga Janairu, 1954

Zuwa ga ɗana Halliru, a ɗakin gwajin ƙasa, Zariya.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta tasa ni gaba tun kaka, da matata Fatsuma da ke fama da tari. In ba ka gane mai rubutu ba, ni ne Malami ɗan Kadijatu. Kakanka da uwata ubansu ɗaya. Rabona da kai tun kana rarrafe.

Shekara ashirin da uku ke nan ban rubuta wa kowa na gidanku ba. Bari in gaya maka dalili yadda yake, ba yadda anka ba ka labari ba. Ni da mahaifinka Ɗanmusa, Allah ya jiƙansa, aji ɗaya munka zauna a Sakkwato, kuma Bature ɗaya ya ɗauke mu malaman gona. Ni na koya masa riƙe sikeli. Ni ke warware masa littafin sinadarai in ya cije. Da anka zo rage ma'aikata a 1931, anka ce mutum ɗaya za a bari, sai anka bar wanda ya iya durƙuso, anka sallami wanda ya iya awo. Shi ya tafi Zariya, ya rasu da mutuncinsa na ma'aikaci, ya bar ka a kan kujera. Ni na dawo Isa na ɗauki fartanya. Kujerar da kake zaune a kai, na san wanda ta dace da shi.

Ban rubuto don tone-tone ba. Malamin gonar da ke nan ya ce ɗakinku na neman takin gargajiya daga ko'ina, za ku auna ku ga abin da ke cikin kowane, wanda ya fi kuwa za a kai shi gonar gwaji da sunan mai shi. To, ina da taki.

Bayan marinar garin ga akwai wani juji nawa, shekara bakwai ina gina shi. Ba sharar gida ba ce irin wadda kowa ke tarawa. Hawa-hawa na jera shi, da lissafi, ina juyawa, ina shayar da shi, ina rufe shi da karan dawa kada rana ta shanye ƙarfinsa. Abin da ke ciki ba za ni faɗa ba tukuna. An yi mini dariya har na saba. Yero, Bafulatanin da ke sauke shanunsa gonata duk kaka, in ya hango ni saman juji sai ya ce, "Malam, yau ma ana karatu?" In ce, "Ana yi, Yero, kuma ɗalibaina sun fi naka ladabi." Bara na zuba kwando kaɗan a wata jigawa da ko ƙaya ba ta kamawa, gero ya fito zangarniya kamar damtse. Yero ya zo ya gani, da sanda a kafaɗa, ya ce, "Kai, wannan kam ba aikin shanuna ba ne." Yanzu mutanen Turba da Bafarawa na turo jakai, ina cewa su dakata sai bazara.

Ina so a auna shi. Abu ukun da kuke nema na san su tun ba a haife ka ba: naitirojin mai sa ganye, fosfet mai sa saiwa da tsaba, fotash mai ƙarfafa kara. Na ɗebo wuri uku kamar yadda anka koya mana. Mai farin zare na saman juji ne, mai ja na tsakiya, mai baƙi na ƙasa. Na ba Sodangi, wani bafataken Sabon Birni da ke saukowa da kaya daga arewa, ƙasar Faransi, za shi hau jirgin ƙasa a Ƙaura. Ba za ka rasa gane shi ba. Ga surutu, kuma duk inda ya ɗaure jakansa sai ka ga shanu sun taru suna lasar mangala. Mazuban ka adana mini, ba na yarwa ba ne.

Abu ɗaya nake roƙo, ko da yake roƙon gidanku ba ɗabi'ata ba ce. In an zo rubuta sakamako, a rubuta Malami na Isa. Ba Halliru ba, ba Bature ba.

Wassalam. Babanka,
Malami

*

Zariya, 20 ga Fabrairu, 1954

Zuwa ga Baba Malami.

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Wasiƙarka ta same mu lafiya. Matata Maijidda tana gaishe ka, tana gaida Inna Fatsuma. Allah ya ba da sauƙin gwiwa da tari.

Na san ka sarai, Baba. Mahaifina yakan ce a ajinsu babu mai kai irin naka. Abin da ya faru a 1931 ba ni da bakin magana a kai. Kujerar da ka ambata kuwa benci ne. Ni mai wanke kwalabe ne da awo, a ƙarƙashin Turawa biyu.

Saƙon ya iso ina wurin aiki, aka bar shi a gida, don haka ban ga Sodangi ba. Zaren uku sun zo daidai. Na shanya kowane a inuwa, na daka, na tankaɗe. Wani kaso na ƙona na auna tokarsa, wani na narkar da ruwan asid, wani na jiƙa a tataccen ruwa. Ga abin da na gani.

Fosfet ɗinsa ya fi na duk takin da aka aiko mana bana, har sai da na maimaita awon don ban yarda da idona ba. Fotash ma madalla. Amma naitirojin kaɗan ne ƙwarai, kuma ruwan da na jiƙa shi a ciki ya nuna kanwa mai yawan gaske, duka ukun. Takardar gwaji ta rikiɗe shuɗiya tun ba ta gama jiƙa ba. Kanwa mai wannan yawan, in aka zuba ta a jigawa, ƙone tsiro take yi, ta bar farin ɓawo a fuskar ƙasa shekara da shekaru. Ita ce kuma ke korar naitirojin ya bi iska.

Wannan bai zo daidai da geron da ka ce ka gani ba, shi ya sa nake tambaya. Me da me ka zuba a jujin? Akwai kanwa, ko toka mai yawa? A ina ka ajiye abin da ka ɗebo kafin ka ɗaure? Mazuban sababbi ne, ko an taɓa sa wani abu a cikinsu? In da hali, ka sake aiko wani, ko da cikin tafi ɗaya ne.

Ga dalilin gaggawa. Babban Baturenmu zai aika rahoto lardi-lardi a watan Afrilu, kafin manoma su gama kai taki gona. Duk takin da aka ga zai ɓata ƙasa, za a sanar da hakimin wurin a hana amfani da shi. In lambobin da ke hannuna suka tafi yadda suke, jujinka na ciki. Ba ni da ikon canza lamba, amma in na sami amsa ko sabon samfur, zan sake awo.

Ɗanka,
Halliru

*

Isa, 18 ga Maris, 1954

Halliru,

Na gaishe ka. Tarin Fatsuma ya yi sauƙi. Gwiwa tana nan.

Na karanta wasiƙarka, na sake karantawa, kuma na ji muryar wanda ya haife ka a ciki, ko da yake bakinka ya koma na Zazzagawa. Ka fara da yabo: fosfet ya fi na kowa. Ka bi da tsoratarwa: za a hana. Sannan a tsakiya, a hankali, ka ajiye abin da kake so: me da me ka zuba? Haka Ɗanmusa ya taɓa zama kusa da ni a gindin giginya, ya ce, "Malami, yaya kake lissafin danshin ƙasa ne, ni abin ya shige mini duhu." Na zauna na warware masa. Ba a yi nisa ba na ji Bature na yaba masa a gaban mutane da lissafin nan, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murmushi, bai ko dubi inda nake ba.

Na karanta wa Fatsuma. Ta ce, "Malam, yaron nan tambaya ya yi, ka ba shi amsa mana." Na ce, "Ke ba ki san jinin Ɗanmusa ba." Ta ce, "Na dai san naka." Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita. To, ita mace ce mai sauƙin zuciya, ba ta zauna da ku ba.

Kanwa! Na hau jujin da sandata, na tona sama da tsakiya da ƙasa, na sa a harshe. Tun ina yaro ake sa mini kanwa a kunu, ba sai ɗan Zariya ya gaya mini ɗanɗanonta ba. Babu ita. Ina da sauran takardun gwaji da na taho da su ranar da anka sallame ni, amma sun koɗe, ba su nuna komai. Kai ke da sababbi, kai ke da murhu da sikelin da ke cikin gilashi, ni ina da harshe da gero. Na san wanda Bature za shi saurara.

Abu biyu ne. Ko dai kwalabenka ba su wanku ba, tun da ka ce kai ke wanke su, ko kuwa ka ga abin da ya fi ƙarfin takin Turawan da kuke tallatawa, kana so in buɗe maka cikinsa, baɗi in ji an ce wani yaro mai hazaƙa a Zariya ya gano sabon taki. Samfur uku na ba ka, sun ishi mai gaskiya. Na huɗu na mai son ya tsinci abin da ke ciki ne ɗaya bayan ɗaya.

Ba za ni amsa tambayoyinka ba, kuma ba za ni sake aikowa ba. Ka rubuta abin da ka gani tsakaninka da Allah.

Malami

*

Zariya, 6 ga Afrilu, 1954

Baba Malami,

Gaisuwa da girmamawa. Mun ji daɗin sauƙin da Inna ta samu.

Maganarka ta yi mini zafi, amma ba wannan ne a gabanmu ba. Na sake awon da sababbin kwalabe da ba a taɓa sa musu komai ba. A rana ɗaya, da ruwa ɗaya, na auna kashin awaki daga Gusau da jujin wani gari a Katsina, babu wanda ya nuna kanwa. Naka ya nuna.

Na janye tambayar abin da ke ciki. Ka riƙe sirrinka, ba na so. Abu ɗaya kawai: ka ɗebo wani, ka like da hannunka, ka sa a gidan waya kada ya bi hannun kowa. In kana tsoron in tsince shi, ka daka shi ya zama gari tukuna. Na roƙi Bature ya jinkirta rahoton lardinku, ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Don Allah, Baba.

Halliru

*

Zariya, 3 ga Mayu, 1954

Baba,

Ina fatan kuna lafiya. Ban ji daga gare ka ba. Na yi ta zuwa gidan waya har ma'aikatan sun fara gaishe ni da sunanka.

Rahoto ya tafi. Na rubuta a ƙasansa da hannuna cewa ina shakkar samfurin, ban sani ba ko za a karanta wurin. Sunan da ka ce a sa shi aka sa: Malami na Isa. Allah ya sa mu ga azumi lafiya.

Halliru

*

Isa, 9 ga Yuni, 1954

Halliru,

Barka da shan ruwa. Mun yi salla lafiya. Ba za ni ce mun yi ta da daɗi ba.

Ka cika alkawari, an rubuta sunana. A ƙofar hakimi anka karanta shi, tsakiyar azumi, gaban masu unguwanni da mutanen Turba da sunka zo jin ranar da za su turo jakai. Malamin gona ya karanta da Turanci, ya fassara: takin Malami na Isa yana ƙone ƙasa, kada kowa ya kai shi gona. Tun da anka sallame ni nake jiran ranar da za a kira sunana a takardar gwamnati. Na gode.

Washegari duba-gari ya zo. Ya ce tun da ba za a yi amfani da shi ba, ba za a bar tulin ƙazanta kusa da gidaje ba, ga kuma kududdufin bayan kasuwa da ya daɗe yana son cikewa saboda sauro. Na ce, "Ka iya karanta lambobin da ke takardar?" Ya ce, "Ban iya ba, Malam, amma na iya karanta sunanka." Na ce, "Ubanka a gonata ya koyi jera shuka." Ya ce, "Allah ya jiƙansa. A ba jakai hanya."

Jakan da za su kai shi Turba da Bafarawa, su anka tara sunka kai shi rami. Na zauna a bakin marina ina kallo, bakina da azumi. Da sunka kai hawa na ƙasa, wanda ya fi daɗewa, baƙi ƙirin ya fito, lallausa kamar garin kuka, tana na motsi a ciki. Tana ba ta zama cikin kanwa, Halliru, ka tambayi Baturenka in ya sani. Fatsuma ta biyo ni da kwando, tana raɗa, "Malam, ɗebi ko ɗaya mu sa bayan rumbu." Na ce ban kai shekarun ga don in saci kayana ba. Ta ce, "To zauna da girmanka." Sunka share wurin har ƙasa, duba-gari ya sa anka bi da sharar kasuwa da tokar mahauta a kai. Daren salla ruwa ya sauka, kududdufin ya cika.

Yanzu ba ni da sauran magana da gidanku sai ɗaya. Ka maido mini gorunana. 'Yan gorunan nan uku da na zuba samfur a ciki na like bakinsu da kakin zuma, na uwata ne, ita ta yi musu zanen wuta da hannunta, a ciki take ajiye irin kuɓewa da na yakuwa. Na zaɓe su don busassu ne, tsarkakakku, kuma don ina so abina ya shiga Zariya da mutunci. Ka ba duk wanda za shi Ƙaura. Kun ci kujerar, kun ci jujin, goruna dai ba su da amfani gare ku.

Malami

*

Zariya, 24 ga Yuni, 1954

Baba Malami,

Gaisuwa. Labarin jujin ya hana ni cin abinci. Amma Baba, waɗanne goruna?

Ba gora ko ɗaya da ta shigo gidana. Abin da aka bar mini 'yan jakunkuna ne na fata guda uku, tsofaffi, an ɗaure bakin kowace da zarenka, fari da ja da baƙi. Na ɗauka naka ne, na adana su kamar yadda ka ce. Da na gama karanta wasiƙarka na ɗauko su na farke ɗinkin. A cikin ninkin fatar, can inda taki bai kai ba, wani farin gari ne ya daskare. Na kankare na auna. Kanwa ce tsantsa. Fatar kanta ta sha ta har ta yi tauri.

Me Sodangi ke fatauci?

Ba jujinka na auna ba, Baba. Jujinka na auna gauraye da kayan wani. Kanwar ta jaka ce, ita ta kore naitirojin a hanya, fosfet ɗin kuwa naka ne. Na kai wa Bature jakunkunan ya gani. Ya ce ba zai janye rahoto da baki ba, amma in aka kawo samfur mai tsabta ya fito yadda nake zato, zai rubuta wa hakimi da kansa, kuma takin zai shiga gonar gwaji baɗi da sunanka.

Tafi ɗaya ya isa. Ka duba bayan rumbu, gindin kwando, ko wurin wani da ka taɓa ba. In ka ce in zo, zan nemi izini in zo in tona da hannuna.

Ɗanka,
Halliru

*

Isa, 2 ga Oktoba, 1954

Halliru,

Na gaishe ka da iyalinka. Fatsuma na gaida Maijidda. Gwiwa ta kai ni ga sanda biyu.

Ban amsa da wuri ba don Sodangi ya yi arewa tun farkon damina, ni kuwa ina so in ji daga bakinsa. Makon jiya anka ce ya sauko, na hau jaki na tafi Sabon Birni ranar kasuwa. Na same shi zaune tsakiyar kanwarsa, ya jera ta tuli-tuli, yana auna wa Fulani a 'yan jakunkunan fata.

Na ce, "Sodangi, ina gorunana?"

Ya ce, "A'a, Malam! Sannu da zuwa. Wace iska? A kawo wa Malam tabarma."

Na ce, "Ina gorunana?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Wallahi jakin nan ne, baƙin nan mai taurin kai. A gangaren gulbi kusa da Shinkafi ya zame, kaya ya danne su, sunka fashe. Amma ban zubar maka da ko ƙwaya ba. Na tattare tsaf na zuba a jakunkunana, har zaren ban rikita ba."

Na ce, "Jakunkunan kanwa."

Ya ce, "To, na karkaɗe su. Ai taki ne, Malam, ba zuma ba."

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Kai ɗin? Wa ke kawo maka irin wannan labari ya kwashe lafiya?" Har ya miƙo mini ƙullin kanwa, wai a kai wa Inna ta sa a kunu.

Ka ji amsar tambayarka. Kada ka ɗauka wannan ya wanke ka. Wata biyar jakunkunan nan na gabanka, kai mai ɗaki cike da kwalabe, ba ka farke ɗinki ba sai da tsoho ya tuna maka. Da ni ke zaune kan bencin nan, ranar farko za ni farke. Abin da nake faɗa ke nan tun 1931.

Na duba bayan rumbu. Na duba kwanduna, Fatsuma ta riga ta wanke su. Ban taɓa ba kowa ba, ina jiran sakamakonka. Jigawar da na zuba wa bara gero ya cinye nata. Kududdufin kuwa ruwa ne har wuyan mutum, a ƙarƙashinsa laka da sharar kasuwa da toka sun zama abu ɗaya, ko ka tona ba za ka san wanne ne nawa ba. Kada ka zo.

A bakin ramin, inda jakai sunka yi ta zubarwa, tafasa da rama sun fito bana har sun shanye mahayin doki. Mata na tsinka suna cewa albarkar kududdufi ce. Yero ya dawo da shanu shekaranjiya, munka bi ta wurin. Ya tsaya ya ɗaga kai yana kallo, ya ce, "Malam, ɗalibanka ne waɗannan?" Na ja sandunana munka wuce.

Ka tambayi abin da ke ciki, yanzu sai ka sani, ka kai wa wanda kake so. Kashin shanun Yero ne da kara, da gashi da kankaren fata daga majema, da ƙashin mahauta da nake ƙonawa in daka, da kashin jemage daga kogon tsohuwar kukar bakin gari, da katsi kaɗan daga gindin marina bayan ruwan damina biyu ya wanke shi. Ibrahima, marinin ƙarshe a unguwar, ya cike ramukansa bana ya koma sayar da atamfa. Kukar ta faɗi a guguwar watan layya, jemagun sun watse. Ko da suna nan, aikin shekara bakwai ne, kuma ba ni iya hawa juji.

Ka gaya wa Baturenka kada ya wahala. Babu abin aunawa. Jujin na ƙarƙashin ruwa a bayan kasuwa, gorunan uwata uku kuwa sakainarsu na cikin yashin gulbi a hanyar Shinkafi.

Malami